AMSAR WASIƘUNKU: Katin Biki Da Littafin Tuna Ranaku

  

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga Gurbin Bore, cikin ƙaramar hukumar Zurmi ta jihar Zamfara. Mai ita ɗan kasuwar hatsi ne, yana kuma taɓa noma. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya, domin in kun ji abin da ya kawo shi za ku gane dalili.

Ya ce yana da wani abokin ciniki a Shinkafi, sun fi shekara ashirin tare, mutumin da ke ba shi kaya bashi ba takarda ba shaida, sai ya sayar ya kawo kuɗi. To, bayan kaka sai mutumin nan ya aiko masa da katin ɗaurin auren 'yarsa ta fari, haɗe da goro, ta hannun wani direba. Goro dai an ci. Kati kuwa ya cusa shi a aljihun 'yar-ciki tare da tarkacen rasit, daga can uwargida ta jefa shi cikin kwalin da take tara katunan biki a ƙarƙashin gado. Shi a ransa ya riƙe cewa Asabar ce, amma ya ɗauka ta gaba ce. Sai da ya shiga kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya ji ana ta yi wa abokinsa Allah sanya alheri, ashe an ɗaura aure tun kwana biyar. Tun daga ranar gaisuwa ta yi sanyi, kaya kuma sai da kuɗi hannu. Da ya koma gida ya jawo kwalin don ya ga ranar da idonsa, sai ya tarar gara ta riga shi, ta cinye kusan rabi. A cikin abin da ta ci har da katin sunan babban ɗansa, wanda ga shi yanzu ana tambayarsa ranar haihuwa wajen yin katin ɗan ƙasa, an rasa mai faɗa. Shi ne yake tambaya: tara katunan nan yana da wani amfani, ko a haɗa a cinna musu wuta a huta? Kuma ta yaya mutum mai hidima zai riƙa tuna ranakun mutane?

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Kafin mu taɓa zancen kwali, bari mu fara da abin da ya fi gaggawa. Ka tashi ka tafi Shinkafi. Kada ka buga waya, kada ka aika yaro, kuma kada ka tare shi a rumfa cikin mutane. Ka same shi a gida, ka riƙe gudummawarka a hannu ko da ta makara, in da hali ka tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ka faɗi gaskiya yadda ka rubuto mana ita, har da zancen gara. Zumunta a ƙafa take. Mutumin nan ba shinkafar bikin da ba ka ci ba ce ta dame shi. Abin da ya dame shi, ya duba cikin taro yana neman fuskarka, surukansa suna tambayar ina abokin nan naka na Gurbin Bore, ya rasa ta cewa. Wannan ne za ka je ka wanke. Zancen bashin kaya kuwa kada ka tayar da shi ranar, zai dawo da kansa.

Yanzu mu koma kan kati. A zamanin iyayenmu babu ruwan kowa da shi. Goro ake rabawa gida-gida, sanƙira ya bi unguwa yana shela, kuma duk wanda za a gayyata yana nan kusa, in ya manta maƙwabci ya tuna masa. Da harka ta buɗe, ɗan'uwa yana Gusau, wani yana Kano, wani ya haura Maraɗi, sai goro ya kasa kai saƙo shi kaɗai, aka haɗa masa da takarda. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 da 1990 za su tuna katin barka da sallah da ake saya a kantin littattafai a kai gidan waya, da katin zaɓe da ake cikawa a aiko gidajen rediyo don a gai da 'yan'uwa. Yau kuma an koma turo katin ta WhatsApp. Ba mu raina waya ba, tana saurin kai saƙo. Amma waya takan faɗa ruwa, akan sace ta, yaro yakan goge abin da ke ciki. Ku mutanen Zamfara ba sai an ba ku labari ba: a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Wanda ranakunsa ke cikin takarda bai rasa kome ba.

Saboda haka amsarmu ita ce, kada ka ƙone duka, kada kuma ka ajiye duka. Kuskuren gidanka shi ne an haɗa katin bikin da ke tafe da na bikin da aka yi shekara goma a wuri guda, kamar a zuba iri cikin hatsin ci.

Katin da ranarsa ba ta zo ba, wurinsa bango. Ka kafa ƙusa ɗaya a ɗakinka kusa da kalanda, inda idonka ke sauka in ka tashi da asuba. Kati na zuwa, kafin a fasa goron, ka soke shi a ƙusar, wanda ya fi kusa shi ne a sama. Sa'an nan ka kewaye ranar da biro a jikin kalanda. Mun ce a ɗaki fa, ba a rumfar kasuwa ko zaure ba. Katunan yanzu suna ɗauke da lambobin waya da sunan gida da lokacin da motar amarya za ta tashi, kuma a halin da yankinku yake ciki ba kowane ido ya kamata ya karanta wannan ba. Dabara ta biyu ta 'yan kasuwa ce: ka ɗaura ranar a jikin kasuwa. Kai da ba ka taɓa manta Alhamis ta Shinkafi ko Lahadi ta Jibiya ba, ka riƙa cewa a ranka, biki Asabar ce bayan Shinkafi biyu. In ka ci kasuwa ɗaya ka san saura ɗaya.

Ranar da ka dawo daga bikin, ka cire katin daga ƙusa, ka juya bayansa, ka rubuta abin da ka kai. In ba ka samu zuwa ba ka rubuta wanda ya wakilce ka. Daga nan sai ka kwafe shi cikin littafi, wanda shi ne uban tafiyar, za mu zo kansa. Katin mutanen waje in an kwafe shi ya gama aikinsa, sai fa na wanda kake ƙauna ƙwarai kana son ganin sunansa. Amma a lura, galibin katunanmu da Bisimilla suke farawa, wasu har da aya. Ba a jefa irin wannan a juji, ba a ba mai ƙosai ta naɗe kaya da shi, ba a bar wa yara su yi jirgi. A tara su a ƙone a wuri mai tsabta a binne tokar, ko a binne su yadda suke inda ba a takawa.

Katunan gidanka kuwa, na aurenka, na sunan 'ya'yanka, na auren waɗanda ka aurar, da kalandar da aka buga ta bikin, waɗannan ba a taɓa su. Su ne shaidarka. Kati ɗaya yana riƙe da rana da wata da shekara, da sunan waliyyi, da sunayen dangin da suka yi gayya. Bayan shekara talatin, in gardama ta tashi kan wa ya girmi wa, ko yaushe aka yi auren wance, takardar nan da ba ta kai tafin hannu ba sai ta kashe maganar da dattawa biyar suka kasa kashewa.

Wani zai ce, mu a ƙauyenmu ai ba ma buga katin suna, goro ne da alewa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa muka ce littafi ne uban tafiya. Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai bango mai kauri, ka ware shi ga wannan aiki kaɗai. Kada lissafin buhuna ya shiga ciki, in ya shiga wata rana zai bi ka kasuwa ya ɓace. Kowane ɗa ka ba shi shafinsa: ranar haihuwa, ranar suna, ranar yaye, shekarar da aka sa shi makarantar allo da ta boko, ranar saukar karatu, ranar aure da sadakin da aka biya da shaidu. Rasuwa ma a rubuta ta. In ba ka yi boko ba ka rubuta da ajami, ai rubutu ne, kakanninmu da shi suka riƙe tarihin sarakuna. In duka biyun babu, ɗanka ɗan firamare ya rubuta kana faɗa masa. Da biro za a rubuta, kada a yi da tawadar allo, don ita in ta ga danshi sai ta wanke.

A nan ne muke son ku buɗe kunne da kyau, domin nan ne mafi yawanmu muke ruɗewa. Mu mutane ne masu lissafi uku. Manomi yana lissafi da damina da kaka da ɗari da bazara. Addini yana lissafi da wata, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke sanar da tsayuwarsa. Hukuma da asibiti da makaranta kuma suna lissafi da Janairu zuwa Disamba. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta bature kuwa 365 ko 366, wato akwai ratar kamar kwana 11 duk shekara. Shi ya sa azumi yake ja da baya, yau yana cikin zafi, bayan wasu shekaru ya shiga ɗari, daga nan ya faɗa kaka, sai ya yi kamar shekara 33 kafin ya dawo inda ya tashi. To in uwa ta ce ta haifi ɗanta da azumi ana tsakiyar ruwa, ba ta yi ƙarya ba, amma azumin 1980 a watan Yuli ya kama, na 2012 ma a watan Yuli ya kama. Saboda haka duk abin da za ka rubuta, ka sa masa kwanan wata biyu, na Musulunci da na bature, ka ƙara da sunan ranar. Yawancin kalandun da ake rabawa suna ɗauke da duka biyun, kwafa kawai za ka yi.

Akwai kuma wani ɗan tarko. A wurinmu dare yana gaba da yini. Abin da muke kira daren Juma'a, a lissafin asibiti daren Alhamis ne har sai sha biyu ta buga. In an haihu bayan magariba, ka rubuta hakan ɓaro-ɓaro: Alhamis da dare, wayewar Juma'a. Layi ɗaya ne, amma yana hana gardama.

Kada ku ɗauka wannan duk don biki ne. Matar da mijinta ya rasu takabarta wata huɗu ne da kwana goma, in ba juna biyu gare ta ba. Sau nawa aka yi ta ja-in-ja a gida kan ran da za ta fita, wannan ya ce saura mako, wancan ya ce ai ta wuce? Kai ɗan kasuwa, zakkar kuɗinka da ta kayan sayarwa da shekarar wata ake lissafa ta. In ka riƙe Janairu, kowace shekara kana jinkirta hakkin talaka da kwana 11 ba ka sani ba. Duka wannan littafin naira kaɗan ya ɗauke maka.

Sai zancen babban ɗanka da gara ta ci katinsa. Kada ka yanke ƙauna, kuma kada ka bar mai cika takarda ya ƙaga masa 1 ga Janairu don ya sallame ku. Gyaran ranar haihuwa a katin ɗan ƙasa bayan an riga an shigar da ita aiki ne mai cin kuɗi da zirga-zirga, ga shi tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar jarrabawar JAMB, kuma in takardun yaro suka saɓa wa juna shi zai sha wahala. Ka zaunar da mahaifiyarsa da ungozoma in tana raye, da gwaggonninsa. Ba ka faɗa mana sunan yaron ba, amma Bahaushe yakan ɓoye kalanda a cikin laƙabi. Ɗanjuma da Jummai, Ɗanladi da Ladi, Ɗan'asabe da Asabe, Ɗanlami da Lami, Bala da Larai, Talatu, Altine, duk rana suke faɗa. Ɗan'azumi da Azumi wata suke faɗa. Anaruwa da Marka suna gaya maka damina ce. Abin da laƙabi ba ya faɗa shi ne shekara, ita kuma sai a nemo ta a jikin babban abin da ya faru.

Bari mu yi misali. A ce uwar ta tuna cewa an haife shi ran Juma'a, cikin azumi, ana sanyi, kuma ba a daɗe da ba ku jiha ba. An ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996. Azumin da ya biyo baya ya kama ne cikin Janairu 1997, ya ƙare a farkon Fabrairu. Ka ga daga shekaru barkatai mun dawo kan Juma'a huɗu ko biyar. In ta ƙara tuna cewa an yi suna ana saura kwana kaɗan salla, to kusan an gama, domin suna ranar da aka haihu yake zagayowa, sai a ja baya da mako guda. Haka za ka yi da sauran manyan alamu. Dattawa suna da canjin hannun tuƙi na 1972, da shigowar naira a 1973, da canjin kuɗi na 1984, da rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Nuwamba 1988. Na baya-baya suna da ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoba 1999, da husufin ranar da ya duhunta gari da hantsi ran 29 ga Maris 2006, da haɗarin jirgin da Sarkin Musulmi Maccido ya rasu a ciki a Oktoba 2006. Ku na bakin iyaka kuna da rufe boda na Agusta 2019, da wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023. Ka ware shafi biyu na ƙarshen littafinka ka jera irin waɗannan, ka ƙara da na garinku da ku kaɗai kuka sani: shekarar da gulbi ya yi ambaliya, shekarar da aka naɗa hakimi, shekarar da fari ya ci gero.

Ga masu sabuwar haihuwa kuwa, ku hutar da 'ya'yanku wannan bincike. Dokar 1992 ta wajabta a yi wa jariri rajista a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60. Katin suna da littafin gida ba su maye gurbin wannan takarda ba, mataimakanta ne. A tambaya a asibiti ko a sakatariyar ƙaramar hukuma. Katin rigakafin yaro ma a adana shi, shi ma yana ɗauke da ranar.

Ina za a ajiye? Ba a kwali ba dai, ka ga abin da ya yi maka. Kwali a ƙasan ɗakin laka gayyata ce ga gara. Ka nemi gwangwani mai murfi, irin babban na madara ko na biskit, ka wanke ya bushe sarai. Katunan kowane ɗaki a ambulan ɗinsu, a rubuta suna a bayansa, gidan da ke da mata biyu ko uku kada a cakuɗa, kun san dalili. A sa ambulan cikin leda, a jefa ƙwayar kafur ko busasshen ganyen dogon yaro, a rufe, a ɗora a sama nesa da bango da inda rufi ke yoyo. Sau ɗaya a shekara, in iskar ɗari ta busar da gari, a buɗe a sha iska a duba. Kuma kowace takarda mai muhimmanci a ɗauki hotonta da waya a tura wa wani ɗan'uwa amintacce a Ƙaura ko Gusau. Muna faɗar wannan ne da nauyin zuciya, domin mun san akwai masu sauraronmu a ƙasar Zurmi da Shinkafi da suka bar gidajensu cikin dare ba su ɗauki ko tabarma ba. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma gwangwani ɗaya da kowa a gida ya san inda yake, ana iya sungumarsa da hannu guda. Shi ya sa ma muke cewa kada a cika shi da katunan mutanen waje har ya yi nauyi.

Kada mu rufe ba mu ba uwargida hakkinta ba. Malam, a wasiƙarka mun ji kamar kana ɗora mata laifin kwalin nan. A'a. Ita ce ma ta fahimci cewa katunan suna da daraja, wurin ajiya ne kawai ba ta samu ba. Mata sun fi mu riƙe wannan lissafi nesa ba kusa ba. Mace takan tuna wadda ta kawo mata turmin atamfa a haihuwar fari, da wadda ta kawo kwano biyu na gero, da wadda ta zo hannu rabbana, shekara goma sha biyar ba ta manta ba, domin biki a wurinsu bashi ne da ake mayarwa har da ƙari. Ka saya mata nata littafin. Shawara ɗaya kawai za mu ba iyayenmu mata: in gudummawar kuɗi ce, a rubuta a gefe abin da kuɗin ke saya a lokacin. Naira dubu ta shekarun baya ba ita ce ta yau ba. Wadda ta ba ki kuɗin kwano biyar na gero, in kika mayar mata da abin da bai sayi kwano ɗaya ba, a takarda kin biya, amma ita da ke kun san ba a biya ba.

Lokaci ya ƙure mana, ga shi akwai wasiƙa daga Ƙaura Namoda kan ajiyar wake da ba mu samu buɗewa ba, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Malam na Gurbin Bore, in ka dawo daga Shinkafi ka rubuto mana yadda kuka yi da abokinka, muna jira. A gai da uwargida da yara. Jama'a, mu kwana lafiya.